Kafin Ki Sayi Teburi: Kayan da Kusurwar Makramiyya Ke Buƙata a Gidan Haya a Jidda

Ranar da ƙanwar maigidana ta shigo ta tarar ina ƙulla abin rataye tukunyar fulawa, dariya ta yi ta ce, "Yaya, ai wannan ragaya ce." Ban musa mata ba. Ragayar nan da kakanninmu ke rataye ƙwaryar nono a tsakiyar ɗaki don kada kyanwa ko tururuwa su kai gare ta, ita ce aka sauya wa igiya, aka sakar mata geza, aka ce makramiyya. Masana da yawa na mayar da sunan ga kalmar Larabci miƙrama, wato mayafi mai ado a baki, domin masaƙan Larabawa na ƙarni na 13 sukan ƙuƙƙulle ragowar zaren da ya leƙo a gefen mayafi da tawul. Daga nan sana'ar ta bi ta Andalus ta shiga Turai, ta yi tashe a Amurka cikin shekarun 1970, yanzu kuma ta dawo mana ta Instagram.

Na kawo zancen ragaya ne don abu ɗaya: a rataye ake ƙulla ta. Mafi yawan matan da ke tambayata yadda za su shirya wurin aiki a gida da teburi suke farawa, wasu har sun riga sun saya. 'Yar'uwa, teburi shi ne na ƙarshe a layi. Wadda ke zaune a shagga, wato sashen haya a gidan bene, mai ɗaki biyu a Jidda, ga yara ga baƙin Umra da ba sa yankewa, ba ta da filin da za ta ba wa teburin da bai tsinana mata komai. Marataya ita ce uwar aikin, a kanta ya kamata kuɗi da tunani su tafi.

Mafi arha ita ce sandar nan mai sifirin da ake tokarewa tsakanin bango biyu ko a bakin ƙofa, irin ta labulen banɗaki. Ba ta son huji, ba ta cin wuri, kuma shagunan Abu Khamsa, wato na kayan araha, ma suna da ita. Ga mai gwada hannu da ƙaramin aiki ta wadatar. Matsalarta ita ce don labule aka yi ta, makramiyya kuwa ja ake yi. Kowane ƙulli sai kin tsuke shi, wani ƙasa wani gefe, sau ɗaruruwa a zama guda. Tawa ta farko, wadda na saya a wani shago da ba sai na faɗi sunansa ba, sai da na kai tsakiyar aiki ta sulluɓo ta same ni a goshi. Ƙugiyar da ake saƙalawa a saman ƙyauren ɗaki ta fi ta riƙo, amma tana tilasta miki aiki da hannu a sama, kuma duk wanda zai shiga ɗakin sai kin tashi.

Sai maratayar tufafi mai ƙafa, wadda yawancin masu sana'ar ke amfani da ita. A nan akwai iri biyu da ya kamata ki bambance. Akwai mai tsawo ɗaya da ba ya canzawa, kamar MULIG ta kamfanin kayan ɗaki na IKEA, akwai kuma wadda ake ɗagawa a sauke, kamar RIGGA, mai taya. Ki zaɓi mai ɗagawa ko da ta ɗara kuɗi. Dalili kuwa, aikin daga sama yake farawa yana sauka. In sandar ba ta motsi, za ki fara da miƙa hannu, ki ƙare a durƙushe kamar mai wanki, gobe kuma kafaɗa da ƙugu su tashi da ƙorafi. Abin da ake so shi ne wurin da yatsunki ke ƙulli ya tsaya tsakanin ƙirji da haɓa ko yaushe, don haka duk bayan ɗan ci gaba sai ki ƙara ɗaga sandar. Duk maratayar gida mara nauyi tana rangaji idan ana ja, wannan halinta ne. Maganinsa a ɗora mata buhun shinkafa mai kilo 10 ko galan ɗin ruwa a ƙasa. In tayoyin ba su da birki, ki ɗora ta a kan darduma mai kauri, in ba haka ba za ki yi ta bin ta a kan tayil.

Wadda ni na fi so, in da wuri, ita ce irin ta masu shagon abaya: ƙarfe mai kauri, gindi mai faɗi. Sabuwa tana da tsada, amma Haraj Sawarikh, kasuwar gwanjo da ke kudancin Jidda, ba ya rabo da kayan shagunan da suka rufe, haka ma a manhajar Haraj. Idan kin je, ki kama sandar saman da hannu biyu ki jijjiga, ki ja ta gaba kamar kina tsuke ƙulli. Wadda ta tsaya ita ce taki. Ki duba tsatsa a mahaɗai, ki kuma sa kuɗin dabbab, wato 'yar motar ɗaukar kaya, a lissafi tun kafin ciniki ya faɗa, domin ba kowace ke shiga bayan ƙaramar mota ba, kuma ɗan dako in ya ga bene hawa uku babu lif farashinsa daban ne.

Huda bango a kafa sanda da kusoshi shi ya fi duka ƙarfi, kuma ba ya cin ko taku ɗaya na ɗaki. Amma gidan haya ne. Ki duba abin da aka rubuta a yarjejeniyarku ta haya da ke manhajar Ejar, ki tambayi mai gida ko haris, wato maigadi, kafin diril ya taɓa bango. Silin ɗin jibis kuwa kada ki kusance shi, ba ya ɗaukar nauyi. Sannan sandar bango ba ta ɗaguwa, sai dai ki riƙa sauko da aikin da ƙugiyoyi masu siffar S, ɗaya a bakin ɗaya. Waɗannan ƙugiyoyin ki sayi kamar shida ko takwas kowace marataya kika zaɓa, kuma ki nemi waɗanda ba sa tsatsa. Laimar Jidda ba ta raga wa baƙin ƙarfe, kuma tabon tsatsa a jikin farar igiya ba ya fita.

Wadda abin da take so shi ne ƙananan kaya, maƙalin mabuɗi, abin hannu, matashin kofi, duk wannan dogon bayani bai shafe ta ba. Allon kok mai laushi, irin abin toshe bakin kwalaba, da ake soka wa fil, ko allon rubutu mai maƙali irin wanda ake samu a kantin littattafai na Jarir, a ɗora a cinya, shi ke nan.

Yanzu igiya. In kin shiga shagunan kulaf, wato na kayan ɗinki, a Balad ko Bawadi, ko na kasuwar Utaibiyya ga 'yan Makka, cewa za ki yi khaiɗ makramiyya, su kuma za su tambaye ki mili nawa, wato kaurin igiyar da milimita. Ta auduga iri uku ce. Mai tufka ɗaya ita ta fi laushi, ita ce ke bajewa ta ba da geza kamar gashin jariri in an taje ta, amma ba ta yafe kuskure: ki kwance ƙulli sau biyu ta fara tsefewa. Mai tufka uku ta fi ƙarfi, ƙullinta na fitowa raɗau, gezarta kuma takan yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar gashin da aka tsefe daga kitso. Ta ukun ita ce kitsattsiya, wadda ba ta warwarewa sam, ta dace da jaka da abin da za a riƙa wankewa, amma ba ta yin geza. Mai koyo, wadda rabin aikinta tufka da warwara ne, ta fara da mai tufka uku ko kitsattsiya, mili 3 ko 4. Mili 5 zuwa sama na manyan kayan bango ne, aikin na sauri amma igiya na tafiya kamar ruwa.

Igiyar jut, 'yar'uwar ramar da muka sani a gida, tana da arha da kyan launin ƙasa, sai dai tana kankare fatar yatsa kuma tana zubar da gashi. Ta foliyesta ba ta da kyan auduga a ido, tana kuma da santsi, amma in abin a baranda ko saman sutuh, wato rufin bene, za a rataye shi, ita ce za ta jure raɓar dare da danshin teku. Auduga a waje a garin nan takan yi fumfuna kafin ki ankara.

Ga lissafin da zai hana ki sayen abin da bai isa ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce kowane sili ya ninka tsawon abin da kike so sau huɗu, in kuma naɗe shi biyu za ki yi a jikin sanda, sau takwas. Ke nan kayan bango mai tsawon santimita 60 na son sili mai kusan mita 5. In silin 24 ne, mita 120 ke nan, alhali ƙunshin kamfanoni irin su Bobbiny na ƙasar Folan mita 100 ne. Wasu masu sayarwa a kasuwannin intanet na Noon da Amazon da giram suke rubutawa, wasu da mita, saboda haka kada ki kwatanta farashin ƙunshi da ƙunshi, ki raba kuɗin da yawan mita, ki kuma tabbatar an haɗa harajin kashi 15 da kuɗin kawowa. Launin aiki ɗaya ki saye shi lokaci guda. Rinin wannan wata da na watan gobe sukan ɗan saɓa, kuma sai an rataye a bango bambancin ke fitowa. A shago kina iya taɓawa ki ji laushi, ki kai hanci ki ji ko ta sha danshi a sito, abin da hoto ba zai gaya miki ba.

Almakashi ki sayi na tela mai inci 8 ko 9, ki ɓoye shi. Ranar da yara suka yanka kwali da shi, ranar ya daina daidaita geza. Tef ɗin awo na tela, salatef na takarda don naɗe bakin igiya kada ta warware, da buroshin taje kyanwa mai ƙananan haƙoran ƙarfe, wanda ya fi mashaci saurin baje geza. Sandar katako kuwa ba sai kin sayi ta musamman ba, sabuwar sandar tsintsiya a yanka a goge ta da sanfefa ta yi. Zobe ne ban yarda a yi masa rowa ba: na katako yana da kyau amma yakan tsage a ƙarƙashin tukunya mai ƙasa da ruwa, na ƙarfe da aka yi wa walda ya fi aminci.

Haske kuma, tunda tagogin yawancin shaggoginmu ƙanana ne kuma a rufe suke saboda zafi, aikin ma sai bayan isha'i ake samun sararinsa. Fitilar silin tana jefa inuwar kanki daidai inda kike ƙulli. Ki sayi mai dogon wuya da ake maƙalawa, ki ajiye ta a gefe, da ƙwan LED mai lamba 4000 zuwa 5000 na kelbin. Mai ruwan ɗorawa, 2700 ko 3000, yana sa fari da ruwan madara su zama abu guda a ido. In tsohon gini kike, ki tabbatar da wutar soket ɗin, domin har yanzu akwai gidajen da ke da wuta mai bolt 127 a wani bango, 220 a wani. Kujera kuwa mara hannu ta fi, don gwiwar hannu na buƙatar fili. Mai son zaman ƙasa ta sauke maratayar ta jingina da matashin majalisa, yana yi.

Saura ajiya. Hotunan intanet na nuna ƙunshin igiya jere a kan kanta a buɗe, launi-launi, abin sha'awa. A Jidda wannan gayyatar danshi ce, a Makka da Madina kuma ƙura. Akwatin roba mai murfi ya fi, a jefa masa 'yan ƙunshin silikan nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a bar wanda ake aiki da shi kaɗai a waje. Keken ajiya mai hawa uku, irin RÅSKOG na IKEA, yana ɗauke almakashi da ƙugiyoyi da ragowar igiya, in baƙi sun zo a tura shi bayan dulab, wato kabad. Kusurwar da za ki zaɓa kada ta kasance a ƙarƙashin bakin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don yana watsa kaɗar da ke tashi wajen taje geza, ta cika ɗaki ta toshe masa raga. Ta yi nesa da kicin, auduga na kama ƙamshin daddawa da soyayyen kifi ta riƙe. Kaskon turaren wuta ma a ajiye shi can wani ɗaki, tartsatsi ɗaya ya ishi tajajjiyar geza. In akwai mai rarrafe a gidan, duk lokacin da za ki tashi ki tattare silin da ke lilo ki ƙulle su sama da inda hannunsa zai kai.