Cibiyar yaran gudun hijira da aka miƙa wa 'yan gida a Zariya: na yaba, amma da saura

Duk wanda yake riƙe da yaran 'yan uwa da suka gudo daga ƙauyukan Giwa ko Birnin Gwari ko ta ɓangaren Katsina, yana neman inda zai sa su su ɗan dawo hayyacinsu kafin a kai su firamare, toh ni dai shawarata ya gwada cibiyar nan ta hanyar Samaru. Ba zan kama sunanta ba saboda zan faɗi har abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma matan da ke riƙe da ita mutanenmu ne muna haɗuwa a biki da gaisuwa, 'yan yankin dai sun san wadda nake nufi. Kyauta ce, ba kuɗin fom ba kuɗin yunifom. Ana koya musu karatu da rubutu da Hausa tukuna, da lissafi, da ɗan Turanci, akwai wasa sosai, in akwai hali kuma a ba su kunu da ƙosai.

Yaran yayana uku ne a wurina, maza biyu da mace ɗaya. Sun baro gida ne bayan harin da aka kai ƙauyukan Giwa a Maris ɗin 2022 wanda aka kashe mutane wajen 50, nasu garin ba a shiga ba a ranar amma tun daga nan babu wanda ya ƙara iya barci a ɗaki, gona ta gagara, malaman makarantar garin suka daina zuwa. Kuma kun san yadda abun yake a nan, ba wani sansani ake jibge mutane ba, gidajen dangi ake rarrabuwa, wasu a zaure wasu a kangon da ba a gama gini ba, shi yasa baƙo zai zaga Zariya ya ɗauka babu 'yan gudun hijira alhali ga su nan a kowace unguwa.

Wata ƙungiyar ƙasar waje ce ta buɗe cibiyar, ma'aikatanta daga Abuja da Kaduna suke zuwa a mota mai tambari. Wallahi ban raina ƙoƙarinsu ba, su suka gyara azuzuwan, suka haƙa bohol, suka kawo benci da allo. Daga baya suka miƙa ragamar ga wata ƙungiyar mata malamai da matasan unguwa, su kuma suka koma gefe suna turo kuɗi. Yaranmu sun yi zamani biyun duka, shi yasa nake ganin ina da bakin magana.

Abu na farko da ya canza shi ne lokaci. Da ƙarfe takwas ake shiga sai biyu a tashi, tsarin da aka zo da shi a rubuce ke nan, sai ya ci karo da makarantar allo ta safe da ɗibar ruwa da tallar da wasu gidajen da ita suke cin abinci, yara suka riƙa fashi ana rubuta wai iyaye ba sa son boko. Matan nan suna karɓa suka tara iyaye suka tambaye su, aka maida shiga da hantsi a tashi da azahar, ranar Alhamis da babu allo sai a tsawaita. Shikenan fa, aji ya cika. Ba sisin kwabo aka kashe a kan wannan ba, tambaya kawai aka yi.

Amma abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne yadda suke tafiyar da tsoron yaran. Ƙaramin namu in ya ji ƙarar babura da yawa lokaci guda sai ya nemi wurin ɓuya, jikinsa na rawa, wani lokacin har fitsari. A zamanin farko akwai wani darasi da ake ba su takarda da fensir mai kala a ce su zana abin da suka gani, na san da kyakkyawar niyya ake yi kuma ƙila a hannun ƙwararre yana da amfani, amma wanda yake yi musu ta bakin tafinta yake magana, ana gamawa a kwashe takardun a tafi, mu a bar mu da yaro yana firgita cikin dare. Yanzu malamar ajinsu ita kanta daga yankin Birnin Gwari ta gudo, tana da NCE ɗinta. Na je ɗaukarsa wata rana sai ga 'yan acaɓa sun taho a jere suna rakiyar amarya suna ta hon, kafin ka ce me yaro ya shige ƙarƙashin benci. Ba ta jawo shi ba, ba ta bari yara su yi masa dariya ba, zama ta yi a ƙasa daidai inda yake ta miƙa masa hannu ta ce “ɗan Gwaggo, 'yan biki ne, zo mu leƙa ta taga mu ƙirga su mu ga ko sun kai goma.” Ya ɗan jima sannan ya fito, suka tsaya a taga yana ƙirgawa da yatsa tana riƙe da kafaɗarsa. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa cewa komai. Ita ta san ƙarar nan, ta san me take nufi a wurin yaron da ya taso a inda babura ke shigowa gari da tsakar dare. Yanzu langa da carafke da 'yar gala-gala da tatsuniya su ne rabin aikin, kuma ni na ga bambanci a barcinsa.

Sai maganar yaran Fulani, wadda mutane ba sa son a taɓo. Cikin waɗanda suka gudo akwai na ruga, su ma an kwashe musu shanu, wasu 'yan bindiga ne suka kashe iyayensu wasu 'yan sa-kai ne. Ma'aikatan farko ba su ma lura cewa yaran nan sun daina zuwa ba, saboda a rijista duk sunansu yana nan. Ashe wasu iyaye ne ke hana 'ya'yansu zama benci ɗaya da su, yara kuma suna kiransu da sunan da ba zan maimaita ba. Matan nan sun san gida-gida, suka je wurin Baba Liman da mai unguwa, aka kira maza bayan la'asar. Mijina yana wurin, ya ce Baba Liman tambaya ɗaya ya yi musu, maraya da aka kashe ubansa a ruga da wanda aka kashe nasa a gona, wa zai tashi ya nuna masa bambancinsu a wurin Allah. Ba a ce zukata sun wanke tas ba, har yanzu akwai masu gunaguni, amma yaran sun dawo kuma an ɗauki wata malama mai jin Fulatanci tana zama da ƙananan. Wannan ba aikin da mutum zai yi daga ofis a Abuja ba ne komai ilminsa.

Toh yanzu inda ban gamsu ba, kuma nan ne ya sa na ce da saura.

Kunu yakan yanke, wani lokaci sati da sati. Alawus ɗin malamai yakan makara har wata ya shiga wata, malamar nan da nake yabo na san da bashin mai shago take cin abinci. Bayan gidan 'yan mata ƙofarsa ta karye tun damina, da zani ake karewa, manyan 'yan matan da yawa sai su riƙe har su koma gida. Na tari shugabar na ce Hajiya wai ba an ce an bar muku ba, me ya hana ku gyara ƙofa ɗaya? Ta jawo fayil ta buɗe min. Kwantiraginsu na wata shida-shida ne, kowane layi an riga an rubuta abin da za a yi da kuɗinsa, akwai kuɗin buga bana da riguna masu tambari, akwai na bita a otal, babu na kafinta. In tana son ɗauke dubu goma daga layin bana ta kai layin ƙofa sai ta rubuta takarda da Turanci an tura Abuja, Abuja ta tura gaba, a jira. Kuɗin gudanarwa kuma, irin na haya da wuta da data da albashin akawu wanda manyan ƙungiyoyi suke cire wa kansu daga kowane tallafi, su ba a ba su. Ta ce min “ƙanwata, tuƙin tuwon aka ba mu, makullin rumbu yana aljihun wani.”

Kuma ba su kaɗai ba ne. Tun a Mayun 2016 a taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul manyan masu ba da kuɗi da ƙungiyoyin agaji suka yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun ƙungiyoyin cikin gida ba tare da dogon zagaye ba. 2020 ta zo ta wuce. Lissafin da Development Initiatives, wata ƙungiya mai bin diddigin kuɗin agaji, ta fitar na shekarar 2022 ya nuna kashi 1.2 ne kacal ya tafi kai tsaye. Hukumar USAID ta Amurka ma ta yi irin wannan alkawari na kashi 25 a 2021, sai ga shi a Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa Yuli aka rufe hukumar. Kuɗin cibiyar nan ba daga can yake fitowa ba, amma tunda aka rufe kowa ya koma layi ɗaya a ƙofar sauran masu bayarwa, kuma ƙaramar ƙungiya ita ce a ƙarshen layi. Ga rijistar CAC, hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ga takardar SCUML, sashen da ke sa ido kan halasta kuɗin haram, kafin banki ya yarda da kai, ga rahoton odita, duk da kuɗi ake yinsu kuma ba wanda ke biya musu. Sannan mu nan Arewa maso Yamma muna da ƙarin matsala, tsarin agajin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa duk shekara a kan Borno da Adamawa da Yobe ya tsaya, alhali mu ma mun ga satar ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Abin da ke damuna shi ne kada ya zama sai da aljihu ya fara ƙafewa sannan aka tuna akwai 'yan gida.

In kuma ana cewa wai ba mu da ƙwarewa ne, a Zariya fa ake magana. Garin ABU ne, ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin horar da malamai da ta daɗe tana yaye mutane. Centre for Girls Education a nan take, shekara da shekaru tana tara 'yan matan ƙauyuka a ƙananan azuzuwa ƙarƙashin mata 'yan garinsu. Ga ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN tun 1985, ga 'yan agajin Jama'atu da na Izala da Fityanu waɗanda duk abin da ya faru su ne farkon zuwa kafin wata mota mai tambari ta iso.

Amma ba zan ɗora komai a kan na waje ba, namu ma akwai nasu laifin. Alfarma ta shigo. Na san yaran da ba gudun hijira suka yi ba, iyayensu na da hali, an cusa su saboda 'yar uwar wance ce, ga marayu na gaskiya suna jiran gurbi. Sannan bulala, ƙungiyar farko ta kafa dokar ba duka kwata-kwata kuma wannan doka ce mai kyau ƙwarai, bayan sun ja baya wani matashin malami ya dawo da dorina, yaran da suka ga abin da suka gani kuma a ɗaga musu bulala, haba. Iyaye mata muka yi magana aka ja masa kunne ya daina, amma bai kamata sai mun yi magana ba. Hoto ma har yanzu ana ɗaukar yara ana turawa a rahoto, an ce sharaɗi ne, ni na hana a ɗauki namu kuma ba a kore su ba, dan haka kowa ya sani yana da ikon cewa a'a. Babu ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin, yaron da abun ya yi masa tsanani, wanda ya daina magana ko yake cutar da kansa, wasa da tatsuniya ba za su ishe shi ba. Na yaba da ba sa ɓoyewa, suna faɗa maka gaskiya su ce a kai shi Shika, sai dai kuɗin mota da kati a kanka yake.

Shi yasa ni ba cewa nake a miƙa kuɗi a juya baya ba. A ba su kwantiragi na shekara biyu ko uku dan su iya riƙe malamai, a ba su kuɗin gudanarwa, a bar su su gyara ƙofa ba sai sun nemi izini ba, sannan a bincike su da kyau, kuma binciken kada ya tsaya a rahoton da ake turawa sama, a liƙa kasafin a bango da Hausa mu iyaye mu gani, a sa iyaye biyu ko uku cikin masu tantance yaran da za a ɗauka. Tun sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 wasu iyalai sun fara komawa, wasu kuma irin yayana sun ce sai sun ƙara gani, toh yaran nan za su daɗe tare da mu.

Babban namu ya shiga aji huɗu a firamaren gwamnati, malaman cibiyar ne suka raka shi da kansu suka yi magana da hedimasta saboda ba shi da takardar makarantar baya. Macen tana karanta Hausa tiryan-tiryan yanzu. Wanda zai kai yaro ya je farkon zango, ya tafi da takarda daga mai unguwa, ya ba yaron ɗan abin taɓawa a leda saboda kunun ba kullum ba ne, in mace ce babba ya tambaya ko an gyara ƙofar nan. Miting ɗin iyaye kuma Asabar ɗin ƙarshen wata ake yi, dan Allah a riƙa zuwa, maza musamman, mu mata mu kaɗai muke cika wurin.