Gidan tsohuwa ko gidan ɗan kasuwa: amsa ga Alhaji

Alhaji, na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha mini kai. Ga waɗanda ba su gani ba, Alhaji ya samu gidaje biyu a Biradfod, kowanne da ɗan haya a ciki. Na farko na wata tsohuwa ce da cutar mantuwa ta kama, an kai ta gidan kula da tsofaffi, ɗanta yana son sayarwa a fam 140,000 don biyan kuɗin zamanta. Na biyu na wani ɗan kasuwa ne da ke rage gidajensa, ya sa fam 155,000. Alhaji yana ganin tunda iyalan tsohuwa a matse suke, in ya taya 120,000 za su sallama.

Ba za su sallama ba, Alhaji, ko da suna so.

Matsin dai gaskiya ne. A Ingila duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250, shi zai biya wa kansa kuɗin gidan tsofaffi, kansul, wato ƙaramar hukuma, ba ta sa masa ko sisi, kuma wurin da ke da ma'aikatan jinya ya kan wuce fam 1,000 a mako. Gidan da mutum yake zaune a ciki ana ɗaga masa ƙafa: ba a lissafa shi a makonni 12 na farko, in kuma miji ko mata na ciki ba a lissafa shi sam. Gidan haya bai da wannan gatan, tun ranar farko yana cikin lissafi. Kuɗin hayar wata guda ba lalle ya biya mako ɗaya ba, shi ya sa ake sayarwa.

Amma gidan ba na ɗan ba ne. Wakili ne kawai, kuma dokar 2005 ta masu raunin hankali ta ɗaure shi da yin abin da ya fi wa mahaifiyarsa amfani. In ya karyar da gidan, ofishin da ke sa ido kan wakilai na iya tuhumarsa, 'yan'uwansa masu jiran gado ma ba za su yi shiru ba. Kansul kuma, ranar da kuɗin suka ƙare aka je neman tallafinta, tana iya cewa da gangan aka rage dukiyar, ta yi lissafi kamar kuɗin suna nan. Ga harajin ribar kadara, kashi 18 ko 24 cikin ɗari, da za a biya cikin kwana 60 da kammala ciniki, kuma gidan da aka saya shekaru talatin baya ribarsa a takarda ba ƙarama ba ce. Ɗan kasuwa fa? Kayansa ne. In ya ga kuɗinka a hannu suke, zai iya yafe maka dubu goma a waya, ba wanda zai tambaye shi. Wurin ragi, wanda kake ganin ya fi ƙarfi shi ya fi sauƙi.

Haka ma maganar alkawari. A ƙasar nan babu abin da ya ɗaure kowa sai lauyoyi sun yi musayar takardun yarjejeniya. Ɗan kasuwa na iya riƙe maganarsa don kunya ko don ya gaji. Wakili kuwa, in wani ya zo da tayin da ya fi naka kafin musayar, nauyi ne a kansa ya duba, ko da ka riga ka biya safiyo, wato mai duba lafiyar gini, da lauya.

Sai lokaci, kuma nan ne na ƙone. Abin da za ka fara sani shi ne wa zai sa hannu. In tsohuwa ta ba ɗanta takardar wakilci mai ɗorewa ta harkar dukiya tun tana cikin hayyacinta, kuma an yi mata rajista, ciniki zai tafi kamar kowane. Kana iya tura fom mai suna OPG100 ga ofishin da ke sa ido kan wakilai a duba maka rajistar, kyauta ne. In babu takardar, sai kotun da ke kare marasa ikon kansu ta naɗa shi, abin da ke cin watanni. Dillalai da yawa su kan sa gida a kasuwa tun kafin naɗin ya fito, su ce maka an kusa.

Ni ma haka aka ce mini a gidan farko da na nema. Na wani dattijo ne, 'yarsa ce wakiliya, takardunta cif. Saura kwana kaɗan mu yi musaya ta kira ni da sassafe, murya na rawa, ta ce baban ya rasu cikin dare. Na yi mata ta'aziyya, na ajiye waya, sai daga baya lauyana ya sanar da ni abin da ban sani ba: wakilci yana mutuwa tare da mai shi. Sai an jira takardar kotu ta izinin raba gado. Kafin ta fito wa'adin amincewar bankina ya cika, aka sake lissafi da sabon farashi mai tsada, magada kuma suka kasu biyu kan sayarwar. Na haƙura, kuɗin safiyo da na lauya suka bi ruwa. Da mun riga mun yi musaya, cinikin zai hau kan magada, jinkiri kawai za a sha. Gidan ɗan kasuwa ba shi da wannan fargaba. Rai na Allah ne, amma mai shekara 50 da mai 88 da ke kwance ba ɗaya ba ne a lissafin mai saye.

To me ya sa gidan tsohuwa ya fi araha da dubu 15? Je ka leƙa ciki. Wanda na ba ka labari, da na shiga ɗakin baya na ɗaga labule, bangon ya yi baƙi da laima har ƙasan taga, akwatin wutar kuma irin na da ne mai fis na waya. Ɗan hayar ya ɗauko mini wani ɗan littafi ja da dattijon ke rubuta kuɗin haya da biro, shekara da shekaru ba a ƙara ko fam ɗaya ba, don sun zama kamar 'yan'uwa. Araha ba ta ado. Mai gidan da tsufa ya cim masa ya kan daina gyara tun kafin 'ya'yansa su ankara, shi kuma wakili, fom ɗin bayanin gida zai cika maka shi da "ban sani ba" daga sama har ƙasa, kuma gaskiyarsa ce, bai taɓa kwana a ciki ba.

Tambayi shekarar da ɗan hayar ya shiga. In kafin 15 ga Janairun 1989 ne, mai yiwuwa yana ƙarƙashin dokar haya ta 1977: jami'in gwamnati ne ke ƙayyade kuɗin hayarsa, fitar da shi kuwa sai dai ka manta. Irin wannan gida farashinsa ƙasa yake da na kasuwa sosai, kuma 140,000 na iya zama tsada. In bayan Afrilun 2007 ya shiga ya ba da kuɗin ajiya, dole a ce suna cikin ɗaya daga hukumomi uku da aka amince da su. In ba a saka ba, tarar na iya kai ninki uku, kuma ta kan biyo sabon mai gida. Shaidar gas ta kowace shekara, ta wayoyin wuta ta shekara biyar, da shaidar tsimin makamashi da ba ta gaza matakin E ba, ɗan kasuwa zai turo maka su a imel cikin awa guda. A gidan tsohuwa ka ɗauka babu har sai ka gani. Kada kuma ka ce in ka saya ka fitar da mutum ka gyara ka ƙara haya: dokar masu haya ta 2025 ta soke takardar sashe na 21, wadda ake korar ɗan haya da ita ba tare da dalili ba.

Haraji da banki duk ɗaya ne. Tunda kana da wani gida, akwai ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan harajin sayen gida tun ƙarshen Oktoban 2024: jimillar harajin fam 7,300 a kan na tsohuwa, 8,350 a kan ɗayan. Masu zaman haya a nan su lura, gidanka na Kano ko Kaduna ma ana lissafa shi in darajarsa ta kai fam 40,000. Banki kuma, na ruwa ne ko na Musulunci irin su Gatehouse, ka tanadi wajen kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin gidan.

Hajiya ta ce abin bai kwanta mata ba, kamar cin moriyar larurar wani. Na fahimce ta, mu da muka taso kaka na ɗakinta jikoki na kai mata koko. Amma kuɗin nan su ne abincin tsohuwar da gadonta da mai juya ta da dare. Wanda ya biya farashin kasuwa ya kammala da wuri ya taimaka mata. Tayin 120,000 ne ni ma ban so ba.

Da ni ne, kuma da bashin banki zan saya, na ɗan kasuwa zan ɗauka, in taya 147,000. Na tsohuwa sai mai kuɗi a hannu da zai iya jiran wata shida, kuma ya ware na gyara daban. In har zuciyarka na kansa, kafin ka biya safiyo ko kwabo ka ce dillali ya turo maka kwafin takardar wakilcin mai hatimin rajista da yarjejeniyar hayar ta asali, sannan ka cire takardar mallakar gidan daga ofishin rajistar filaye, fam 7 ce, ka ga ko sunanta ne kaɗai a kai ko har da na marigayi mijinta.