Shagon kayan keken VTT da na samu a Katako, bayan wata takwas da canza sarƙa da pinyo

Salamu alaikum ƴan uwa masu keke. Tun watan Nuwamba na so in yi wannan rubutu amma na ce a'a bari kayan su sha ƙurar hunturu su sha zafin Afrilu su taɓa ruwan damina tukuna, don abin keke a Yamai ranar da ka saye shi duk mai kyau ne, sai ya shiga rairayi kake sanin ko wane ne. Yanzu wata takwas ke nan, ina da abin faɗi.

Kekena VTT ne, wato keken shiga daji da duwatsu, okaziyo, taya inci 26, giya bakwai baya uku gaba. Da shi nake tahiya aiki kullum daga Talladje in ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, ran Lahadi kuma mu fita da abokai can wajen duwatsun Trois Soeurs mu bi jar ƙasa. Matsalar da ta same ni, duk sanda na danna feda da ƙarfi wajen hawa sai sarƙa ta yi tsalle, ƙas, ƙafa ta tahi banza. Wanda ya taɓa jin wannan a tsakiyar gada ga taksi a bayanshi ga ƴan kabu-kabu a gefe ya san ba abin wasa ba ne. Na fara sayen wata sarƙa mai araha a wani wuri, babu ko suna a jikinta, na ɗora ta kan tsohon pinyo, wato haƙoran giya na jikin ƙafar baya, tsallen ya ƙaru maimakon ya ragu, cikin sati uku kuma ta tsinke mini a hanya na turo keken har gida.

Wani abokin fitarmu ne ya kai ni wurin wani dattijo mai saida kayan keke a kasuwar Katako. Ba zan sa sunanshi ba don ban nemi izninshi ba, kuma shagon ma ba shi da allo, ƴar rumfar kwano ce tayoyi rataye a sama, kwalaye a ƙasa, ga wani benci da ya sha baƙin mai. Na gaishe shi na ce Baba sarƙa nake so mai kyau. Bai ɗauko komi ba, ya ce "Samari, juya mini keken tukuna." Ya duba haƙoran pinyo, ya sa yatsa ya ja sarƙar daga babban faranti na gaba har haske ya fito tsakaninta da haƙora, sannan ya ce "In na saida maka sarƙa kaɗai na cuce ka, gobe za ka dawo ka ce kayana ba su da kyau. Wannan pinyon ya riga ya ci, sabuwar sarƙa ba za ta zauna a kanshi ba."

Nan ne na fara ganin bambancinshi da sauran. Ya ɗauko mita ya nuna mini yadda ake awo, kuma wallahi wannan kaɗai ya biya wahalar zuwa. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke milimita 12.7 ne, to in ka fara daga ƙusa ɗaya ka ƙirga 24 a gabanta, sabuwar sarƙa santimita 30.5 za ta ba ka. In ta kai 30.7 canza ta maza, pinyo zai tsira. In ta kai 30.8 ko ta wuce to yawanci ta riga ta cinye haƙoran ma. Mutane na cewa sarƙa ta miƙe, alhali ƙarfen ba miƙewa yake ba, ƙusoshin ne da ƴan zobban ciki ke cinyewa kaɗan-kaɗan sai tazara ta buɗe. Mu kuwa nan abin da ke cinye su kyauta yake zuwa, iska ce ke kawo shi.

Abin da na saya: sarƙa KMC ta giya 6 zuwa 8, pinyo Shimano mai hawa bakwai haƙora 14 zuwa 28 irin wanda ake murɗawa a jikin ƙafar baya, derayar Shimano Tourney wato abin nan da ke tura sarƙa daga giya zuwa giya, wayar giya guda, sai ɗan ƙarfen yanke sarƙa da ƙarfen kwance pinyo. Duka jika ashirin da biyu na biya. Na ji a aljihu gaskiya, don kusan rabin kuɗin da na sayi keken ne. Shimano kamfanin Japan ne tun 1921 suke wannan harka, KMC kuma na Taiwan, amma fa kar suna ya ruɗe ku don masu yin jabu su ma sun iya buga suna a kwali. Na tambaye shi Baba ta yaya zan san orijinal ce, ya ce "In ta tsinke cikin wata ɗaya ka maido ka karɓi kuɗinka." Ni dai wannan ta ishe ni.

Aikin a tsakar gida na yi shi ran Asabar da safe, na shimfiɗa tsohon buhu don kar ƙananan noti su ɓace cikin ƙasa, ɗana babba na riƙe mini keken. Kwance tsohon pinyo shi ne aiki mafi wuya, don shi irin wannan duk taka fedar da kake yi ƙara ɗaure shi kake, shekara da shekaru. Sai da na sa dogon bututun ƙarfe a hannun kile sannan ya saki. Kafin ka murɗa sabon ka shafa giris a zaren, kuma da hannu za ka fara shigar da shi a hankali, in ya shiga a karkace ka lalata ƙafar baki ɗaya. Derayar kuwa kile alen mai lamba 5 kawai take so. Tsawon sarƙa ma Baba ya koya mini: ka ɗora ta kan babban faranti gaba da babban pinyo baya ba tare da ta bi ta cikin derayar ba, inda baki biyu sunka haɗu ka ƙara gaɓa biyu, ka yanke nan.

Saitin giya ne ya ci mini lokaci, kusan awa guda. Akwai ƴan sukurori biyu a jikin derayar, ɗaya an rubuta H ɗaya L. H shi ke hana sarƙa faɗawa waje bayan ƙaramin pinyo, L kuma shi ke hana ta wuce babban ta faɗa cikin wayoyin taya, wannan kam a kula da shi don in ta faɗa kana gudu derayar ma na iya tahiya. Bayan nan sai jan waya, in sarƙa na nawa wajen hawa babban pinyo ka murɗa ɗan dunƙulen da waya ke shiga ta baya-baya rabin zagaye, ka gwada, ka ƙara. Haƙuri kawai yake so. Da ta zauna, kowace danna ɗaya giya ɗaya, ba ƙara ba gurnani, ɗana ya riga ni hawa ya zagaya layi.

To ga inda nake son in daɗe, maganar mai. Kusan kowa a garin nan baƙin luwul ɗin da anka juye daga inji yake zuba wa sarƙa, ni ma haka na tashi na gani. Da na faɗa wa Baba sai ya girgiza kai ya ce "Ɗana, wannan ai kiran rairayi kake." Kuma gaskiyarshi, mai mai kauri ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar tuwon yashi, yana niƙa ƙusoshi duk juyin da sarƙa ta yi. Abin da nake yi yanzu: duk sati in goge sarƙa da tsumma, duk wata in wanke ta da ɗan gazuwal da tsohon buroshin haƙori in bari ta bushe sarai, sannan in ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya kan kowace gaɓa, ni na keken ɗinki nake sa wa, in juya feda baya sau da yawa ya shiga ciki, in goge na waje tas har sarƙar ta yi kamar ba a sa mata komi ba. A ciki ake son mai, na waje ƙura kawai yake kamawa. In ruwa ya duke ni a hanya ranar nake sake ɗiga mata don kar tsatsa ta kama.

Satin da ya wuce na sa mita na auna, har yanzu tana tsakanin 30.5 da 30.6. Tsalle bai sake yi mini ba ko sau ɗaya, har wajen hawan duwatsun nan inda ake tashi tsaye kan feda. Na faɗi da keken sau ɗaya cikin rairayi a Ceinture verte, ƙarfen da derayar take rataye ne ya ɗan lanƙwashe na miƙe shi, ita kanta lafiya lau.

Amma akwai abin da bai yi mini ba a shagon kuma dole in faɗa. Wayar giyar da ya ba ni ba ta kai sauran kayan ba, da ruwan farko na Yuni ta fara tsatsa cikin rigarta giya ta yi nauyi, sai da na sake wata. Ba ya ba da takarda, magana ce kawai tsakaninku. Ragi kuwa kar ma ka wahalar da bakinka, ɗari biyar ya cire mini bayan dogon ciniki. Kuma masu kekuna na zamani mai giya 10 ko 11 ko birkin mai ba za su samu komi a wurinshi ba, shi kayan giya 6, 7, 8 da birkin roba ya tara, sai dai ya ce ka ba shi sati biyu ya sa a kawo.

In za ku je ku tahi da keken kanshi ko aƙalla ƙafar baya, kar ku je da hoto a telefon, don pinyo mai murɗawa da wanda ake zurawa sun yi kama a ido amma ba sa shiga wurin juna. Ku je da hantsi kafin kasuwa ta cika. Ni ƙarshen wata zan koma neman tayar baya mai kauri, tsidau ya huda mini wannan sau uku tun faɗuwar damina.