Mashayar Liverpool da ake zuwa kallon banɗakinta

Ni ba mashayi ba ne, shi ya sa na turje da abokina ya ce mu shiga Philharmonic Dining Rooms a birnin Liverpool na Ingila. "Haba Malam, gini za ka kalla, lemo za ka sha," in ji shi. Haka kuwa aka yi, lemon ma sai da ya huce a hannuna saboda kallo.

Ginin yana kan kwanar da titin Hope ya haɗu da Hardman, daura da zauren kiɗa na Philharmonic, inda ya samo sunansa. Walter Thomas ne ya zana wa Robert Cain, attajirin da ke da kamfanin giya, aka gina shi tsakanin 1898 da 1900. Tun daga ƙofa za ka san an zuba dukiya: baƙin ƙarfe ne maƙera suka lanƙwasa kamar reshen itace, aka shafe shi da ruwan zinari. Ciki kuwa duhu-duhu, katako mai sheƙi ko'ina, da faranta na jan ƙarfe da aka buga wa zane a bango, da gilasai masu launi. Kantar mai lanƙwasa ce, an liƙe gabanta da ƙananan duwatsu kala-kala. Akwai ɗakuna biyu ƙanana, Brahms da Liszt, sunayen masu tsara kiɗa na Turai. A ɗaya daga ciki muka zauna.

Amma abin da ya kashe min baki shi ne banɗakin maza. Wurin fitsari fa, an ƙera shi kamar dutse mai launin ja-ja, sumul kamar madubi, ƙasa da bango duk ado. Har mata kan nemi izinin ma'aikata su leƙa idan babu kowa a ciki. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, wai yau ni ne nake ɗaukar hoton masai.

A 2020 hukuma ta ɗaga ginin zuwa mataki na ɗaya cikin gine-ginen da doka ta kare, matakin da manyan majami'u da fadoji suke. Ke nan mai wurin ba shi da ikon ɓalle kantar nan ko sauya banɗakin sai da izini.

Wanda warin giya ke damunsa ya je da rana tsaka kafin a cika, minti talatin sun ishe shi. Shiga kyauta ce, kuɗin lemo kawai na biya.