Shagon aɗɗar na Balad da ganyen da na sayo wa Inna

Tun bayan Babbar Salla Inna ke fama da kumburin ciki. Loma biyu za ta yi ta ture kwano, ta ce cikinta ya cushe. Mun je asibiti, an yi gwaje-gwaje, likita ya ce ba abin tashin hankali ba ne, ya rubuta ƙwayoyi. Amma Inna Bakanuwa ce, shekara arba'in a Jidda ba su raba ta da maganin gida ba. Kullum maganarta ɗaya: "A nemo min tazargade." Ranar Asabar bayan la'asar na ja ɗana Abba muka shiga Balad, tsohon garin Jidda, ta ƙofar Bab Makka, muka gangara kasuwar Suƙ Alawi.

Shagon aɗɗar ɗin, wato mai sayar da ganyayyakin magani da kayan ƙamshi, ɗan tsukuku ne, mutum uku ba sa tsayawa a ciki. Buhunan hulba da zoɓorodo da habbatus sauda a bakin ƙofa, lubban a cikin manyan kwalabe, ƙamshi tun daga nesa. Mai shagon dattijo ne Bahadrame, mutumin Hadramaut ta Yaman, gemunsa ja da lalle. Na ce masa shih nake so, don da sunan nan Larabawa suka san dangin tazargade. Bai yi gaggawar aunawa ba. Ya ce, "Ya Hajja, wa zai sha, kuma me ke damunsa?" Wannan tambayar ce ta fara sa na yarda da shi.

Ya fito da iri biyu ya zuba a tafin hannuna. Na farko shih na sahara, ƙananan ganye masu ƙura-ƙura. Na biyu ganyensa ya fi faɗi, fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, ya ce sunansa afsantin, mutanen Maroko na ce masa shiba, suna jefa shi a shayi lokacin sanyi. Na ɗan tauna. Shuwaka ba ta kama ƙafarsa ba wajen ɗaci, har muka isa gida yana maƙogwarona. Na tambaye shi ko shi ne wanda aka yi ta maganarsa lokacin korona. Ya girgiza kai, ya ce wancan na Sin ne, wanda ake ciro maganin zazzaɓin cizon sauro daga jikinsa, kuma ba ya da shi. Wani da sai ya ce min duk ɗaya ne ya karɓi kuɗinsa.

Muna tsaye Abba ya duba wayarsa, sai ya taɓa ni: "Umma, wannan fa da shi Turawa ke yin wata giya." Gabana ya faɗi. A ƙasar nan, kuma a gidanmu, ina ni ina abin da ya haɗa hanya da giya?

Abin da yaron ya karanto min, wanda na sake bi a nutse da dare, shi ne giyar absinthe. A wani kwari na Suwizalan aka fara yin ta a ƙarshen ƙarni na 18, ana haɗa afsantin da yansun da shamar, wasu tsirrai masu ƙamshi, a tace da barasa mai ƙarfi. A 1805 Henri-Louis Pernod ya buɗe masana'antarta a Pontarlier ta Faransa. Sojojin Faransa da suka yi yaƙi a Aljeriya an riƙa ba su ita wai don zazzaɓi, suka koma gida da ƙishirwarta, ta mamaye Paris. A 1905 wani ma'aikacin gona a Suwizalan ya harbe matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Ya sha wasu giyoyin da yawa a ranar, amma ita aka ɗora wa laifin. Suwizalan ta hana ta a 1910, Amurka a 1912, Faransa a 1915. An ce wani sinadari na cikin ganyen, tujon, shi ke haukata mutane. Daga baya masana suka gwada tsofaffin kwalabe suka tarar tujon ɗin kaɗan ne. Ɓarnar ta barasar ce, wadda kan kai kashi 70 cikin ɗari, da gurɓatattun abubuwan da masu arha ke zubawa don ta yi kore.

Dattijon bai san duk wannan tarihin ba, amma amsarsa ta kwantar min da hankali. Ya ce, "Da inabi ma ana yin giya, kin daina cin inabi?" Ya ce afsantin tsohon maganin ciki ne, yana cikin littafin Ibn Sina, shahararren likitan nan na zamanin da.

Inda ya fi burge ni shi ne maganar mai. Na hango wata 'yar kwalba a sama, man afsantin, na ce a ba ni, a tunanina ɗigo biyu a ruwa ya fi sauƙi ga tsohuwa. Ya hana ni ƙememe. Ya ce wannan ba na sha ba ne, ko kaɗan. Gaskiyarsa ce: a man ne tujon ke taruwa, kuma a 1997 likitoci a Amurka sun ba da labarin wani da ya sha kamar mililita 10, ya kama jijjiga, ƙodarsa ta tsaya. Da na faɗa hannun mai son ciniki, da na kai wa uwata wannan da hannuna. Har yanzu in na tuna jikina yana sanyi.

Yadda ya koya min: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan zafi, a rufe minti biyar, a tace, a sha kafin abinci. Kada a wuce mako biyu. Mai ciki, mai shayarwa, yara da mai farfaɗiya kada su kusance shi. Na kira likitan Inna kafin mu fara saboda ƙwayoyin hawan jininta, ya ce a gwada kaɗan a lura. Inna ta shinshina duka biyun ta ce shih ɗin ya fi kama da na gida, shi ta ajiye don hayaƙi, afsantin kuma na sha. Zuwa kwana na biyar ta cinye tuwonta na dare. Kumburin bai tafi duka ba, ya dai ragu, kuma tana shan na asibitin, don haka ba zan ce ganyen kaɗai ya yi aikin ba.

Abin da ban ji daɗinsa ba: a farar leda ya ƙulla min, ba suna, ba kwanan wata, ba ma'auni a rubuce. Duk gargaɗin nan a baki ya tsaya. Ranar da yaron shagon ne kaɗai ke nan fa? Mata nawa ne daga cikinmu Larabcinsu bai kai su gane "kada mai ciki ta sha" ba? Sannan shih ɗin cike yake da tsinke da yashi, sai da na tankaɗe na zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Riyal 15 na biya duka biyun, ba tsada, amma ganyen da za a ba mara lafiya ya kamata a gyara shi.

Zan koma, hulbata ta kusa ƙarewa. In za ku je, ku je bayan la'asar lokacin da dattijon ke zaune da kansa, ku tafi da biro. Ni a jikin kwalbar da na juye afsantin ɗin na rubuta sunansa da ranar da Inna za ta daina sha, na ɗora ta saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa.