Kifin laka da gaiwa: hanyoyi biyu na rayuwa a wajen ruwa

A fadamun bakin teku na yankin Neja Delta akwai ɗan kifin da masana ke kira Periophthalmus barbarus, wato kifin laka. Idan ruwan teku ya janja, sai ya fito kan taɓo yana dogara fikafikan ƙirjinsa, yana farautar ƙwari da ƙananan ƙaguwa. Ba shi da huhu. Da fatarsa da fatar cikin bakinsa yake shan iska, kuma dole su kasance a jiƙe, shi ya sa yake ta birgima cikin laka. In ya bushe, numfashi ya tsaya. Idanunsa na tsaye bisa kai, yakan nutsar da su cikin kwarminsu don su jiƙa. Namiji ma yakan guntso iska a baki ya kai cikin raminsa saboda ƙwai, domin ruwan ramin ba shi da isasshiyar iska.

Gaiwa kuwa tana da huhu na gaske. In taru ya riƙe ta a ƙasan ruwa, sai ta mutu. Da rani takan shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta watanni har damina ta sauka. Wajen jure fari, kifin laka bai kama ƙafarta ba.