Ajin yaƙi da jahilci na bayan La'asar a Bauchi: abin da yake yi daidai da inda yake tuntuɓe

Duk shekara, daidai lokacin Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, 8 ga Satumba, UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na ba da lambobin yabo iri biyu kan yaƙi da jahilci: ta Sarki Sejong, wadda Koriya ta Kudu ke ɗaukar nauyi tun 1989, da ta Confucius, wadda Sin ta kafa a 2005. Ta Sejong tana fifita koyarwa da harshen uwa. Da wannan ma'aunin muka auna wani ajin manya da ke kusa da Kasuwar Wunti, kuma ta nan ya yi abin a yaba.

Da Hausa zalla ake farawa. Wasula biyar tukuna, sannan gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Malamar ba ta gaggawar kai su Turanci. Mai sayar da ƙosai na rubuta sunanta da lissafin bashin da take bi kafin ta san "A for apple". Zama uku ne a mako, awa biyu kowanne, wanda ya isa idan ba a yi fashi ba.

Matsalar tana wajen haruffa masu lanƙwasa. A allo ana rubuta "baki" alhali "baƙi" ake nufi, "daki" a maimakon "ɗaki". Ɗalibi sabon shiga abin da ya gani yake karantawa, sai ya rikice ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Waɗanda suka yi makarantar allo kuma hannunsu ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, shi ya sa suke juya b ta koma d. Bai kamata a haɗa su da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Su ai sun iya karatu, baƙin boko ne kawai sabo. A rubuta musu kalma da ajami a gefe, boko a ƙasanta, nan da nan za su kama.

Rubutun littafin da ake koyarwa da shi ya yi ƙanana ga mai shekara hamsin, ga duhun Magariba na shigowa. Da damina ajin kan rage sosai saboda gona, kuma ba a maimaita darasin da aka rasa.

Wanda zai kai mahaifiyarsa ya saya mata littafi mai manyan layuka, fensir biyu da abin gogewa, a kuma gwada idonta tukuna. Ta zauna a layin gaba, kusa da taga.